Yadda Ake Kafa Madogara da Tsara Manazarta a Kundin Bincike, Mataki-Mataki

Duk shekara idan lokacin rubuta kundin kammala digiri ya matso, tambaya ɗaya ce take cika mini waya: "Malam, yaya ake jera manazarta?" Wasu sai saura mako guda a miƙa aiki suke turowa, wasu kuwa sai malamin da ke duba aikinsu ya riga ya wanke musu shafukan ƙarshe da jan biro. Na yi ta amsa wa mutane ɗai-ɗai har na ga gara in zauna in rubuta abin gaba ɗaya, daga ranar da ka buɗe littafin farko zuwa ranar da za ka kai aikin a ɗaure maka.

Madogara adireshi ce. Kana ce wa mai karatu: maganar nan ba tawa ba ce, ga mai ita, ga littafin, ga shafin, je ka gani da idonka. Mu da muka tashi muna jin "an karɓo daga wane, shi kuma daga wane" a majalisin hadisi, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Abin da yake ba ɗalibai wuya shi ne barin aikin sai ƙarshe, alhali tun ranar farko ake fara shi.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: littafin rubutu mai kauri wanda ba za ka haɗa shi da komai ba, biro kala biyu, waya mai kyamara, kwamfuta ko da ta aro ce, filas, da adireshin imel da kake iya buɗewa. Manhajar da zan ambata kyauta ce. Kuɗin da za ka kashe na data ne da hoton takardu da buga aiki, kuma mafi yawan asarar da na gani ta sake buga shafukan da aka yi kuskure ce.

Mataki na 1: Tambayi sashenku salon da suke bi

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, je wurin malamin da ke duba aikinka ko jami'in da ke kula da kundaye a sashe, ka yi tambaya biyu: wane salo ake bi, kuma bugu na nawa. Sassan ilimi da kimiyyar zamantakewa da yawancin sassan harsuna APA suke bi, wanda bugunsa na 7 ya fito a ƙarshen 2019. Sassan Turanci da adabi sun fi karkata ga MLA, bugu na 9 na 2021. Masu tarihi sukan yi amfani da salon Chicago mai bayani a ƙasan shafi. Likitoci da masu aikin jinya sukan bi Vancouver mai lambobi, injiniyoyi IEEE, masu karatun shari'a a Nijeriya kuwa suna da jagorar ƙungiyar malaman shari'a, NALT. 'Yan'uwanmu na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da sauran jami'o'in Nijar, su tambaya ko ƙa'idar rubutun Faransanci za su bi, don ta bambanta a wurare da dama. Misalaina a nan na APA bugu na 7 ne, don shi aka fi tambayata.

Idan sashe yana da ɗan littafin ƙa'idojin rubuta kundi, shi ne alƙali. Inda ya saɓa wa abin da na rubuta, bi nasu.

Hattara: kada ka ɗauki kundin wani da ya gama shekarun baya ka mai da shi madubi. Wataƙila bugu na 6 ya bi, wanda ake sa garin da aka buga littafi, bugu na 7 kuwa ya cire wannan. Wataƙila kuma shi ma kuskure ya gada daga wani.

Mataki na 2: Rubuta bayanan littafi kafin ka karanta shi

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma minti biyu kacal yake ci. Da zarar littafi ya zo hannunka, kafin ka buɗe babi na ɗaya, ɗauki hoton shafin take da bayan shafin take, inda ake rubuta shekara da maɗaba'a da bugu. Sannan ka buɗe sabon shafi a littafin rubutunka, ka ba shi lamba, ka rubuta cikakken sunan marubuci yadda yake a jikin littafin, shekara, take har da ƙaramin taken da ke bayan ruwa biyu, bugu na nawa, da maɗaba'a. Idan maƙala ce a mujalla, ƙara sunan mujallar, lambar kundi, lambar fitowa, shafin farko da na ƙarshe, da DOI, wato lambar da ake gano maƙala da ita a intanet, idan tana da shi. Idan babi ne a littafin da mutane da yawa suka rubuta, kana bukatar sunan mai babin da taken babin, sannan sunayen editoci da taken littafin da shafukan da babin ya ci.

A ƙasa rubuta inda ka same shi: wane ɗakin karatu, wace lamba ce a ƙashin bayan littafin, ko hannun wa ka ara. Wannan ba zai shiga manazarta ba, amma ranar da za ka koma neman shafi za ka ga amfaninsa.

Lokacin da nake rubuta kundina na digiri na biyu, na samu wani sakin layi da ya dace da hujjata kamar an auna. Na kai aka yi mini hoton shafuka huɗu na tsakiya, na mayar da littafin. Bayan wata bakwai malamina ya ja layi a ƙarƙashin maganar ya rubuta a gefe: "Daga ina?" Na ɗauko takardun, babu sunan marubuci, babu take, lambar shafin ma injin ya yanke ta. Kwana uku na yi ina bin kantocin ɗakin karatu ina zaro duk littafi mai koren bango, don launin bangon kaɗai na iya tunawa. Ban same shi ba. Dole na cire sakin layin tare da shafi biyu da na gina a kansa. Har yau abin yana yi mini ciwo, shi ya sa nake nanata wannan mataki ga duk ɗalibin da ya zo wurina.

Hattara: idan za a yi maka hoton babi, ce wa mai injin ya fara da shafin take da bayansa, kuma ka duba lambobin shafi sun fito kafin ka biya. Shekarar bugun da ke hannunka za ka rubuta. Ƙamusun Bargery, alal misali, ya fara fitowa a 1934, an kuma sake buga shi a Zariya a 1993. Ka faɗi wanne ka duba.

Mataki na 3: Raba muryoyi uku yayin karatu

A ƙarƙashin bayanan kowane littafi za ka riƙa rubuta abin da ka tsinta. Abu uku ne suke shiga nan, kuma haɗa su wuri guda ne yake jefa ɗalibi mai gaskiya cikin satar fasaha ba da niyya ba.

Na farko, kalmomin marubuci da ka kwafo harafi da harafi. Sa su cikin alamar zancen wani nan take, ka rubuta shafi a gefe. Na biyu, ra'ayinsa da ka faɗa da bakinka. Sa masa alamar T, wato taƙaitawa, shi ma da shafinsa. Na uku, tunaninka kai kanka, tambayar da ta taso maka ko saɓanin da ka hango tsakaninsa da wani marubuci. Wannan da jan biro za ka rubuta shi. Bayan wata shida ba za ka iya tuna wace jimla ce taka wace ce tasa ba, launin biron ne zai gaya maka.

Hanyar taƙaitawa ta gaskiya ita ce ka karanta sakin layin sau biyu, ka rufe littafin, ka rubuta kamar kana yi wa ƙanenka bayani, sannan ka buɗe ka gwada ko ka karkatar da ma'ana. Canza kalma uku a jimla ka bar ginin jimlar yadda yake ba taƙaitawa ba ce.

Hattara: fassara ba ta mai da magana taka. Ɗaliban sashen Hausa da na Larabci sun fi faɗawa wannan rami. Idan ka ɗauko sakin layi daga littafin Turanci ko na Larabci ka juya shi zuwa Hausa, har yanzu na mai shi ne. Kawo sunansa da shafi, ka nuna cewa fassarar taka ce.

Idan PDF kake karantawa, lambar da ke jikin shafin za ka ɗauka, ba wadda manhaja take nunawa a sama ba. Sau da yawa manhaja za ta ce shafi na 3, a mujalla kuwa shafi na 147 ne.

Mataki na 4: Yi wa kowane aiki tsokaci

Idan ka gama da littafi ko maƙala, kafin ka tashi, rubuta sakin layi ɗaya a kansa. Wasu malamai sukan bukaci a miƙa musu manazarta mai tsokaci a matsayin aiki na musamman, galibi kalma 100 zuwa 200 ga kowane aiki. Ko ba a ce ka yi ba, yi wa kanka, domin daga waɗannan tsokaci ne babin bitar ayyukan da suka gabata yake fitowa.

Tsokaci mai amfani yana amsa tambayoyi huɗu a jere. Me marubucin yake son tabbatarwa? Da me ya kafa hujja: hira, takardun tambayoyi, takardun gidan adana tarihi, gwaji, kuma a wane gari, a wane lokaci? Ina ƙarfinsa, ina kuma ya gaza? Sannan a wane babi na aikinka zai yi maka amfani?

Ga yadda zai iya kasancewa, a ce bincikenka a kan sana'ar rini ne a Kano:

"Marubuciyar ta yi ƙoƙarin nuna cewa shigowar yadin waje ne ya rage yawan marina. Ta dogara da hira da dattawan marina da kuma rahotannin haraji na zamanin Turawa. Ƙarfin aikin yana wajen bayanin yadda ake gadon sana'ar daga uba zuwa ɗa. Sai dai duk waɗanda ta yi hira da su maza ne, ba ta taɓo matan da ke ƙulla zane a gida kafin a kai marina ba, kuma nan ne aikina zai shiga. Zan yi amfani da shi a babi na biyu da na huɗu."

Dubi jimla ta huɗu. Ita ce giɓin da ake ta ce wa ɗalibi ya nemo, kuma ba a samun ta sai an zauna an auna abin da aka karanta. A tsarin APA, tsokacin yana zuwa a sabon sakin layi ƙarƙashin bayanan littafin, an tura shi ciki da rabin inci.

Hattara: kwafo tsakuren da ke saman maƙala, wato taƙaitaccen bayanin da marubucin ya yi a kan aikinsa, ba tsokaci ba ne. Malamin da ya san aikinsa yana gane shi daga jimlar farko, domin tsakure ba ya faɗin inda mai shi ya gaza.

Mataki na 5: Zuba komai a Zotero

Mai manazarta goma sha biyar zai iya da hannu. Wanda ya haura talatin, ko mai digiri na biyu da na uku, ya saukar da Zotero, manhajar tara bayanan littattafai da tsara manazarta. Kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, kuma tana ba ka MB 300 na ajiya a yanar gizo ba tare da ko kwabo ba. Mai son GB 2 yana biyan dala 20 a shekara, amma yawancin ɗalibai ba sa bukata. Mendeley ma tana irin wannan aiki. EndNote ta kuɗi ce, sai in makarantarku ta saya muku.

Saukar da manhajar daga zotero.org, ka haɗa ɗan maƙalinta a Chrome ko Firefox, ka buɗe asusu don kada aikinka ya tafi idan kwamfuta ta lalace. Akwai wani maɓalli mai siffar sanda a sama; ka liƙa DOI ko ISBN, wato lambar shaidar littafi, a ciki, ita za ta jawo bayanan. Littattafanmu na gida da yawa ba za su fito ta wannan hanya ba, sai ka shigar da su da hannu daga littafin rubutunka. Idan ka buɗe Word za ka ga sunan Zotero a jerin saman shafi, daga nan kake saka madogara, daga nan kuma take jera maka manazarta a salon da ka zaɓa. Wanda waya kaɗai gare shi ya shiga zbib.org, ba sai da asusu ba.

Hattara: abin da ka ba ta shi take mayar maka. Duba kowace shigarwa: sunan da ya juye, take da aka rubuta da manyan baƙaƙe duka, shekarar da ta ɓace. Sunan hukuma ko ma'aikata a gurbi ɗaya ake sa shi, in ba haka ba za ta yanka shi kamar sunan mutum. Haka maɓallin kawo madogara na Google Scholar, yakan bar lambar fitowa ko shafuka.

Mataki na 6: Saka madogara a cikin rubutu

A lokacin da kake rubuta jimla ake saka madogararta. Kada ka ce bari in gama babin in dawo.

Hanya biyu ce. Ko dai sunan ya shiga cikin jimla: Wane (2015) ya nuna cewa kaza. Ko kuma ya zo a ƙarshe cikin baka biyu: an nuna cewa kaza (Wane, 2015). Aya tana zuwa bayan an rufe baka. Idan kalmominsa ka kwafo, shafi wajibi ne: (Wane, 2015, sh. 42). Mai rubutu da Turanci zai sa p. a gurbin sh. Idan taƙaitawa ce APA ba ta tilasta shafi ba, amma ni ina ba ɗalibaina shawara su sa, musamman idan littafin mai kauri ne. Tura mutum ya nemi jimla ɗaya cikin shafi 400 ba adalci ba ne.

Marubuta biyu, kawo su duka a kowane lokaci. Uku zuwa sama, kawo na farko ka ce et al. tun daga ambaton farko. Masu rubutu da Hausa sukan ce "da wasu". Mutum ɗaya mai aiki biyu a shekara ɗaya, sai a ce 2018a da 2018b, kuma haruffan su bayyana a manazarta. Aikin da ba shi da shekara, n.d. ake sa wa a gurbinta. Maganar da ka kwafo idan ta kai kalma 40, ware ta a sakin layi nata, ka tura ta ciki da rabin inci, ka cire alamar zancen wani. Idan sashenku na bayanin ƙasan shafi ne, danna Ctrl da Alt da F a Word, lamba za ta fito da kanta. Kada ka buga lambobin da hannu, don ƙara ɗaya a tsakiya zai rikita sauran.

Hattara: kada ka ambaci littafin da ba ka gani ba. Idan a cikin aikin Wance na 2020 ka ga an kawo maganar Wane ta 1975, nemi na 1975 ɗin. In bai samu ba, rubuta (Wane, 1975, kamar yadda Wance, 2020, ta kawo), sannan Wance kaɗai za ta shiga manazarta. Masu jarrabawa suna son wannan tambaya: "Littafin nan a ina ka same shi?" Na ga ɗalibai da yawa sun yi tsuru-tsuru a nan.

Mataki na 7: Sunayenmu

An gina waɗannan salo ne a kan al'adar da kowa yake da sunan dangi, mu kuwa sunan uba ne ko na kaka ko na gari ko laƙabi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ɗauki sunan ƙarshe yadda marubucin ya rubuta a aikinsa. Ibrahim Yaro Yahaya ya zama Yahaya, I. Y. Sa'idu Muhammad Gusau ya zama Gusau, S. M., ko da yake Gusau gari ne. Yusufu Bala Usman ya zama Usman, Y. B. Ba a sa Farfesa ko Dakta ko Alhaji ko Malam ko sarauta.

Kada ka gyara wa mutum rubutun sunansa. Wanda ya rubuta Mohammed ka bar masa, wanda ya rubuta Muhammadu haka. Masanin tarihin nan Abdullahi Smith ya yi rubuce-rubucensa na farko da sunan H. F. C. Smith, don haka sunan da ke jikin aikin da ka karanta shi za ka kawo. Sunayen Larabci masu farawa da al-, tambayi sashe ko a harafin A za a jera su ko a harafin da ke biye, ka tsaya a kan hanya ɗaya.

Hattara: idan ka sa Word ta jera maka sunaye, duba inda ta kai masu farawa da Ɓ da Ɗ da Ƙ da 'Y. Takan watsa su inda ba nan ba ne wurinsu. Mayar da su da hannu, Ɗ bayan D, Ƙ bayan K.

Mataki na 8: Jera manazarta

Kowace shigarwa tambaya huɗu take amsawa a jere: wane ne, yaushe, mene ne, a ina. Littafi ga yadda yake:

Yahaya, I. Y. (1988). *Hausa a rubuce: Tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa*. Northern Nigerian Publishing Company.

Taken littafi a karkace ake rubuta shi, wato italik, kuma babban baƙi sai a kalmar farko da wadda ta biyo bayan ruwa biyu da sunayen yanka. Maƙalar mujalla kuwa:

Wane, A. B. (2019). Taken maƙala. *Sunan Mujalla*, *12*(2), 45–60. https://doi.org/ sai lambar ta biyo.

A nan taken maƙalar a miƙe yake, sunan mujalla da lambar kundi ne a karkace. Babi a littafi: mai babi, shekara, taken babi, sai "A cikin", sunayen editoci, taken littafi a karkace, shafuka, maɗaba'a. Kundin digiri da ba a buga ba: suna, shekara, take a karkace, sai ka nuna cikin baka mai kusurwa cewa kundin digiri na kaza ne da ba a buga ba, sannan sunan jami'a. Jarida irin su Aminiya ko tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana bukatar rana da wata da shekara da shafi. Shafin intanet yana bukatar marubuci ko hukuma, kwanan wata, take, sunan shafin, da cikakken adireshin da zai kai mutum kan rubutun kansa.

A jera su bisa abacada, ba lambobi. Layin farko na kowace shigarwa yana farawa daga gefe, sauran layuka su shiga ciki da rabin inci; haskaka jerin duka ka danna Ctrl da T. Marubuta har 20 ana kawo sunayensu duka a nan.

Hattara: "Google" da "intanet" da "WhatsApp" ba madogara ba ne, hanyoyi ne da ka bi. Nemo asalin mai maganar.

Mataki na 9: Hira, gidan tarihi, rubutun hannu da nassi

Nan ne bincikenmu ya fi arziki, nan ne kuma aka fi yin sakaci.

Hira: kafin ka kunna rikoda nemi izini, kuma ka tambayi mutumin ko ya yarda a ambaci sunansa. A farkon ɗaukar faɗi da bakinka sunansa, shekarunsa, sana'arsa, unguwa da gari, da kwanan wata. APA ba ta sa hira irin wannan a manazarta, a cikin rubutu kaɗai ake nuna ta da cikakken kwanan wata, amma sassan tarihi da Hausa da yawa suna son jerin waɗanda aka yi hira da su a shafi na daban. Wanda bai yarda a faɗi sunansa ba, ba shi lamba. Dattijon da ya ba ka awa biyu a zaurensa ya cancanci a rubuta sunansa daidai kamar kowane farfesa.

Gidan adana tarihi: a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wanda ake taƙaitawa NAK, fayiloli suna da rukuni irin su SNP da KANOPROF da ZARPROF da SOKPROF. Kwafi rukuni da lambar fayil da takensa da shekara daga bangon fayil ɗin, harafi da harafi, kafin ka kwance igiyar. Haka za ka yi a Arewa House ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Rubutun hannu na Larabci ko ajami: mawallafi, take, mai kwafi idan an ambata, inda yake ajiye ko gidan da ka gan shi, da lambar warƙa. Idan bugaggen kwafi ka duba na tsohon littafi, kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da aka rubuta a 1812, nuna shekarar asali da shekarar bugun da sunan wanda ya yi tahƙiƙi ko fassara.

Alƙur'ani da sura da aya ake kawo shi, ba da shafi ba. Faɗi tarjamar da ka ɗauko, ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ce ko ta Sheikh Nasiru Kabara ko taka. Ka lura kuma cewa lambar aya takan bambanta tsakanin bugun Hafs da bugun Warsh da aka saba da shi a makarantun allo, don haka ka nuna wanda ka bi. Hadisi: sunan littafi, kitabi, babi, lamba, da bugun, saboda lambobin ma ba ɗaya suke a kowane bugu ba. Waƙar baka da ka samu a memori ko a YouTube: makaɗi, sunan waƙa, inda ka same ta, da mintin da baitin ya zo.

Mataki na 10: Tantance kowace shigarwa

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna iya ba ka suna da take da mujalla da shafuka, komai tsaf, alhali babu wannan maƙala a duniya. Duk abin da ba ka buɗe da hannunka ba, kada ya shiga. Liƙa kowane DOI a doi.org ka ga ko ya kai ka kan maƙalar. Wadda ba ta da DOI, nemi takenta a Google Scholar ko AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, ko shafin mujallar. Madogarar ƙarya ɗaya idan aka kama ta, sauran na gaskiyar ma sun shiga zargi.

Mataki na 11: Dubawar ƙarshe kafin a ɗaure

Buga manazarta a takarda, ka samu aboki. Kai ka bi kundin daga shafin farko kana kiran kowane suna da shekara da ƙarfi, shi yana sa alama a jerin. Sunan da ka kira bai gani ba, ka manta shi. Wanda aka gama bai samu alama ba, cire shi. Ku kula da shekaru, don 2007 a ciki da 2017 a baya shi ne kuskuren da ya fi yawa. Aikin awa biyu ne ga kundin digiri na farko.

Idan makarantarku tana gwada aiki a Turnitin, manhajar da ke auna kamanceceniyar rubutunka da na wasu, tambayi adadin kamanceceniyar da suka yarda da shi da kuɗin da ake biya, don kowace makaranta da nata. Manhajar kamanni take nunawa, mutum ne yake yanke hukunci; buɗe rahoton ka duba wuraren da ta yi wa launi ɗaya bayan ɗaya. Guji masu karɓar kuɗi su ce za su sauke maka lamba, jimlolinka za su dagula su bar ka da rubutun da ba za ka iya karewa ba.

Mai amfani da Zotero ya ajiye kwafi ɗaya, sannan a kwafi na biyu ya danna maɓallin da ke raba madogara da manhajar, ya mai da shi PDF. PDF ɗin za ka kai shagon buga takardu, domin idan ka ba su fayil ɗin Word, kwamfutarsu takan mai da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna, ta kuma ture tsarin layuka. Ce su fara buga maka shafi ɗaya na manazarta ka duba kafin su saki sauran. Ranar kare kundi kuma, tafi da littafin rubutun nan naka mai kauri a jaka, ka sa 'yar takarda a shafin kowane aikin da ka fi dogara da shi.